Ƙasusuwan Gadufawa Ba Marayu Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa A Bar Su A Turai

Wata maƙala ta zagaya hannun masu karatu a kwanakin baya, inda marubucinta ya ɗauki matsayar cewa ƙasusuwan dabbobin zamanin da, waɗanda aka haƙo a ƙasashen Afirka, gara su ci gaba da zama a gidajen tarihi na Turai da Amurka. A ganinsa ƙashin dainaso ba gadon kowa ba ne, tunda dabbar ta mutu miliyoyin shekaru kafin a san wata ƙasa mai suna Nijar ko Tanzaniya. Can akwai na'urori da masana da tsaro, in ji shi, nan kuwa ƙasar da ke fama da yunwa da 'yan bindiga ba ta da sararin tattalin ƙashi. Ya yi rubutun da ladabi, kuma a bayyane yake cewa kishin ilimi ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Sai dai tarihin ƙasusuwan da yake magana a kansu bai goyi bayansa ba.

A fara da batun tsaro, tunda a kansa ya fi dogara. A shekarar 1912 aka haƙo ƙasusuwan wani ƙaton dainaso mai cin nama a dausayin Bahariya da ke Masar, aka kai su birnin Munik na Jamus, inda masani Ernst Stromer ya raɗa masa suna Spinosaurus a 1915. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, Stromer ya roƙi a kwashe su zuwa wuri mai aminci, shugaban gidan tarihin ya ƙi. A daren 24 ga Afrilu, 1944, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, aka wayi gari babu Spinosaurus, babu sauran dabbobin Bahariya da ke tare da shi. Zane da 'yan hotuna kaɗai suka tsira. Ƙashin da ya kwana kimanin shekaru miliyan 95 a ƙasar Masar lafiya lau, bai cika shekara 35 a Turai ba.

Za a ce ai yaƙi ne, kuma ya wuce. To a 2023, ba yaƙi ba gobara, babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sanar cewa kimanin kayayyaki 2,000 sun ɓata ko sun lalace a rumbunsa, da yawansu ma ba a taɓa yi musu cikakkiyar rajista ba. A Barlin kuwa, wasu ƙunshe-ƙunshen gora da aka cika da ƙasusuwa a Tanzaniya kafin 1914 sun haura shekara 100 ba a kwance su ba, sai a 'yan shekarun nan aka leƙa cikinsu da na'urar ɗaukar hoton ciki. Wannan ba ya nufin gidajen tarihin Turai sakarkaru ne. Suna da ƙwararru, suna aiki mai kyau. Abin da yake nufi shi ne asara da sakaci ba su da nahiya. Marubucin ya kawo gobarar gidan tarihin ƙasa na Barazil ta ranar 2 ga Satumba, 2018, wadda ta cinye mafi yawan kayayyaki kusan miliyan 20, a matsayin shaidar cewa ƙasashe masu tasowa ba su iya riƙo ba. Gobarar ta faru, kuma abin takaici ce ƙwarai. Amma darasin da ke cikinta na kasafin kuɗi ne da gyaran wayoyin lantarki da tanadin ruwan kashe wuta. Babu wanda ya ce a kwashe kayan tarihin Jamus a kai wata ƙasa saboda abin da ya sami Munik.

Hujja ta biyu, wato rashin masana, ita ce ta fi kama da gaskiya, ita ce kuma ta fi haɗari. Wani bincike da Nussaïbah Raja da Emma Dunne da abokan aikinsu suka wallafa ya nuna cewa kashi 97 cikin 100 na bayanan burbushin halittu da ke babban rumbun bayanan wannan fanni, masu bincike daga ƙasashe masu arziki ko masu matsakaicin arziki na sama ne suka samar da su. Marubucin zai iya cewa ga shaida nan. Amma ta yaya aka kai ga wannan adadi? Masanin burbushin halittu ba a littafi kaɗai yake samuwa ba. Sai ya zauna da ƙashi wata da watanni, yana cire dutsen da ya manne masa da allura da burushi, yana aunawa, yana gwada shi da na wata dabba. Idan ƙashin yana Shikago ko Faris, ɗalibin Shikago ko Faris ne zai koya a kansa. Ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai kuwa sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya taɓa abin da aka haƙo a ƙasarsa. An kwashe kayan koyo, sannan an juyo ana cewa babu wanda ya koya, don haka a ci gaba da riƙe kayan. Muddin aka yarda da wannan lissafi, ranar da masana za su wadata ba za ta taɓa zuwa ba.

Kuma abin da ake magana a kansa ba ƙarami ba ne. Jihar Agadas tana cikin wurare mafiya arzikin ƙasusuwan dainaso a duk Afirka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, iska ce ke yaye rairayi ta bar ƙasusuwa a fili, na dabbobin da suka rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da koguna da dazuzzuka. Faransawa masu neman yuraniyom ne suka kai labarinsu Faris, aka turo matashin masani Philippe Taquet a tsakiyar shekarun 1960. Daga aikinsa aka san Ouranosaurus, mai cin ganye da dogayen ƙasusuwa a gadon baya, wanda aka raɗa wa suna a 1976, da kuma Sarcosuchus, wani dangin kada da tsawonsa ya kai mita 9 zuwa 11, kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi.

Daga shekarun 1990 Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya ɗora. Ayarinsa ne ya fito da Afrovenator a 1994, da Suchomimus mai dogon baki irin na kada a 1998, da Jobaria mai dogon wuya daga yankin Ingal a 1999. A 1999 ɗin kuma aka raɗa wa Nigersaurus suna, dabbar da har yau masana ke mamakinta: tsawonta kusan mita 9, bakinta mai faɗi ne a miƙe, da haƙora fiye da 500 jere a bayan juna, kowane haƙori yana zubewa wani ya maye gurbinsa cikin kimanin mako biyu, saboda yadda take kiwon tsirrai a ƙasa-ƙasa tare da yashi. Ƙasusuwan kanta sirara ne har haske na ratsa wasunsu. Can arewa kusa da Arlit akwai duwatsun da suka girmi dainaso ma, inda aka samo Bunostegos, mai rarrafe da ƙululai a ka, na kimanin shekaru miliyan 250 ko fiye. A shekarar 2000 kuma, ana cikin neman dainaso, aka ci karo da maƙabartar Gobero, mai kaburbura kusan 200 na mutanen da suka zauna a bakin tafki tun Sahara tana kore, har da kabarin wata mata da yara biyu rungume da juna.

Ina waɗannan abubuwa suke yau? Wasu suna Yamai, a gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama da aka kafa a 1959, inda yara 'yan makaranta ke tsayawa gaban ƙwarangwal suna ɗaga kai. Amma da yawa suna waje. Akwai ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus a birnin Banis na Italiya tun shekarun 1970. Spinophorosaurus, wanda aka haƙo a yankin Adarbisinat aka bayyana shi a 2009, ƙasusuwansa sun rabu biyu, wasu suka tafi Braunschweig a Jamus, wasu Elche a Sifaniya. Tan-tan na abin da ayarin Sereno ya haƙo ya tafi Shikago domin a gyara a yi nazari.

A nan akwai abin da ya kamata marubucin ya lura da shi. Ƙasusuwan da ke Shikago lambobin rajistar gidan tarihin Nijar ne a jikinsu, kuma da waɗannan lambobi ake ambatonsu a mujallun kimiyya, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sunayen masanan Nijar irin su Oumarou Ide da Abdoulaye Maga. Sereno kansa ya sha bayyana cewa na Nijar ne, can kuma za su koma, har ya kafa gidauniyar NigerHeritage da burin a gina sababbin gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas. Ana iya yin ƙorafi a kan jinkiri, kuma ƙorafin yana da tushe, domin wasu ƙasusuwan sun haura shekara 20 a waje. Amma mutumin da ke riƙe da kayan bai ce nasa ba ne. Marubucin namu ya fi mai kora shafawa.

Sai maganar cewa ƙashin ya girmi ƙasa, don haka na duniya ne baki ɗaya. Yuraniyom ɗin Arlit ma ya girmi Nijar. Man fetur ɗin yankin Neja Delta ya girmi Najeriya, zinariyar Obuasi ta girmi Gana. Ba a taɓa jin wanda ya ce saboda haka duk mai babbar mota ya zo ya ɗiba ba. Dokar duniya ta riga ta raba wannan gardama: yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta lissafa burbushin halittu cikin dukiyar da ƙasa ke da ikon karewa, Nijar kuma tana da dokarta ta kare kayan gado tun 1997. Ita kanta kasuwa ba ta ɗauki ƙashi a matsayin na kowa da kowa ba. A Oktoban 2020 an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus da ake kira Stan a kan dala miliyan 31.8, a Yulin 2024 kuma wani Stegosaurus da ake kira Apex ya tashi a kan dala miliyan 44.6. Ilimin da ke cikin ƙashi shi ne na duniya, kuma ana raba shi ta hanyar wallafawa da hotuna da kwafi. Ƙashin kansa yana da mai shi.

Ba gaskiya ba ne kuma cewa mutanen wurin ba su da wata alaƙa da waɗannan ƙasusuwa sai da Bature ya zo. Makiyayan Abzinawa sun san su tun kaka da kakanni, suna da labaransu a kansu, kuma su ne ke yi wa ayarin masana jagora zuwa inda suke. Sunan Jobaria ma daga wata halitta ta tatsuniyar Abzinawa aka ɗauko shi. Wanda bai san rijiya da hanya ba, ba zai kwana uku a Tenere ba, balle ya yi haƙa.

Labarin Tendaguru ya fi kowane bayyana yadda aka yi wannan tarin. Tsakanin 1909 da 1913, a Tendaguru da ke kudancin Tanzaniya ta yau, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, aka haƙo fiye da tan 200 na ƙasusuwa. An yi aikin ne 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907, wanda Jamusawa suka murƙushe da bindiga da ƙone gonaki, yunwa ta kashe ɗimbin jama'ar wannan yanki. Ɗaruruwan 'yan ƙasa ne suka yi haƙar, su ne suka ɗauki ƙasusuwan a ka, tafiyar kwanaki a ƙafa zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi. Daga cikin wannan kaya aka haɗa Giraffatitan, wanda ke tsaye a gidan tarihin halittu na Barlin da tsayin mita 13 da ɗoriya, ƙwarangwal mafi tsayi da aka taɓa tsayarwa da ƙasusuwan asali. Sunayen dabbobin da yawa na Jamusawa ne, har da na janar ɗin sojan mulkin mallaka, Lettow-Vorbeck. Shi kuwa Boheti bin Amrani, shugaban ma'aikatan wanda ya ƙware wajen gano ƙashi da fito da shi, sai a 2007 aka raɗa wa wata dabba sunansa. Maƙalar ta kira irin wannan tari da sunan ceto. Mutanen Lindi ba su ga abin da aka cece su daga gare shi ba, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin dabbar ba.

Mai karatu a Najeriya kada ya ɗauka labarin na maƙwabta ne kawai. Ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin wani teku da ya ratsa Sahara. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ragowar wannan teku ce. A duwatsun Dukamaje aka samo ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai rarrafe da ta rayu gab da ƙarewar zamanin dainaso, wadda wani masani a Landan ya fara bayyanawa a 1930, sannan masanan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Akwai kuma wani dangin kada mai suna Sokotosuchus. Ɗalibai nawa ne a Goronyo suka taɓa jin cewa sunan garinsu yana jikin wata dabba a littattafan kimiyyar duniya? Ƙasusuwan da aka kafa sunan a kansu suna Turai, labarin ma ya bi su can.

Da a ce babu ƙasar da ta gwada riƙe nata ta yi nasara, da sai a saurara wa marubucin. Amma misalai sun yi yawa. Ƙasusuwan da ake kira Lucy, waɗanda aka samo a Hadar a 1974, an kai su Amurka an yi nazari, an mayar da su Habasha bisa yarjejeniya, suna Addis Ababa, masana ke zuwa wurinsu. Kenya tana riƙe da nata a Nairobi. Ƙoƙon kan Toumaï, wanda ɗan Cadi Ahounta Djimdoumalbaye ya gano a hamadar Jurab a 2001, mallakar Cadi ne. Mbiresaurus, ɗaya daga dainaso mafiya tsufa da aka samu a Afirka, mai kimanin shekaru miliyan 230, gidan tarihin halittu na Bulawayo a Zimbabuwe ne mazauninsa. A Masar, ƙasar da ta rasa Spinosaurus, Hesham Sallam ya dawo daga karatu a Ingila ya kafa cibiyar nazarin burbushin halittu a Jami'ar Mansura, ya horar da ɗalibai maza da mata. Su suka haƙo Mansourasaurus a dausayin Dakhla, su suka jagoranci bayyana shi a 2018, ƙashin kuma yana Mansura. Abin da ya ɗauka bai wuce malami mai himma da ɗaki da ɗalibai da ƙashin da za a koya a kansa ba.

Mayarwa ma ana yi. A 2012 aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin Tarbosaurus a Niyok a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai. Gwamnatin Mongoliya ta tashi tsaye ta ce satowa aka yi, kotu ta ba ta gaskiya, aka mayar a 2013, dawowarsa kuma ta zama sanadin buɗe gidan tarihin dainaso a Ulanbato. Barazil, wadda marubucin ya yi misali da gobararta, ta matsa wa Jamus lamba a kan wani ƙaramin dainaso da aka fitar daga ƙasar aka ajiye a Karlsruhe, masananta suka yi gangami a intanet, mujallar da ta wallafa binciken ta janye shi, aka dawo da ƙashin a 2023. Zambiya kuwa tun shekarun 1970 take neman ƙoƙon kan da aka samo a Kabwe a 1921, wanda ke Landan.

Saura batun yunwa. Gaskiya ne Nijar tana da buƙatun da suka fi gidan tarihi gaggawa, kuma gaskiya ne rashin tsaro ya durƙusar da yawon buɗe ido a Agadas. Amma ƙasa ba ta jira ta gama da talauci kafin ta buɗe makaranta, gidan tarihi kuma makaranta ne. Ajiye ƙashin da ya zama dutse bai kai ajiye tsofaffin takardu wuya ba: ɗaki busasshe, kanta mai ƙarfi, rajista sahihiya, ma'aikaci horarre, da mai gadi da ake biya a kan lokaci. Ba wanda ya ce a loda komai a jirgi gobe a zube a tsakar gida. Hanyar a bayyane take, kuma ana bin ta a wasu wurare. Mallaka ta tabbata a rubuce. Ƙashin da aka kafa sunan dabba a kansa ya koma gida a ranar da aka ƙayyade. Gidajen tarihin waje su riƙe kwafi, wanda dama shi ne mafi yawan abin da 'yan kallo ke gani a manyan zauruka, ko su karɓi aro na wa'adi. Duk ayarin da zai yi haƙa ya ɗauki ɗaliban ƙasar, ya horar da su har matakin digirin digirgir.

Inda marubucin ya yi daidai shi ne tsoron da yake yi wa sakacin hukumomi, kuma wannan tsoro ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci. Amma maganin sakaci shi ne a tasa hukuma gaba har ta yi aikinta, ba a sallama dukiyar ga wani ba. Don haka kira yana kan ma'aikatun al'adu da na ilimi mai zurfi a Yamai da Abuja: su fitar da cikakken lissafin abin da aka haƙo a ƙasashensu da inda kowane yake, su nemi ranar dawowa a rubuce, su ware kuɗin ɗakunan ajiya a kasafi, sannan jami'o'in Yamai da Agadas da Sakkwato su buɗe ƙofar wannan fanni ga ɗalibansu.